Ina Kiɗan Sanyin Da Rediyo Ke Sa Wa Iyayenmu?

 Duk wanda ya bi hanyar Dawanau zuwa Bichi, ko ya miƙe ta Ɗambatta, ya san yadda ƙauyukanmu na arewacin Kano suke manne da juna, gonar gero ta ƙare, katangar gida ta fara. A irin waɗannan gidaje, in maigida ya saɓa fartanya ya fita, matan aure da ke cikin kulle ba su da abokin hira kamar akwatin rediyo. Ana surfe yana kan katanga, ana ɗinkin hula yana gefen tabarma, in batir ya yi sanyi a shanya shi a rana. To, tambayi kowace dattijuwa a Dawakin Tofa ko Minjibir, za ta ce miki rediyon yana nan, amma kiɗan da ta sani ya ƙaura.

Gwamnatin Sardauna ce ta buɗe Rediyon Kaduna a 1962, a 1978 ya koma hannun gwamnatin tarayya. Tun da a gajeren zango yake watsa shirye-shirye, a kan mita 49, muryarsa na kaiwa har Nijar da Kamaru, balle Kunchi da Makoɗa. Shi da Rediyon Kano na gwamnati ne, albashin ma'aikata ba daga talla yake fitowa ba, don haka babu mai tsaye a kan mai gabatarwa yana ƙirga masa minti. Ga faya-fayi da zaren naɗe murya a ɗakin ajiya, ya zaɓo wanda ya dace da lokacin, ya sa, ya yi shiru. Shata ya ja waƙarsa har inda ta ƙare, Ɗankwairo da yaransa su yi amshi son ransu, kuntigin Ɗan Maraya ya shigo a hankali, in dare ya yi kukumar Garba Supa ta raka mutum shimfiɗa. Waƙoƙin Indiya ma suna da nasu fili, muryar Lata Mangeshkar da ta Mohammed Rafi, waɗanda iyayenmu ba sa jin ko kalma ɗaya a ciki amma suna binsu tiryan-tiryan. 'Yan boko kuwa ga Jim Reeves da Don Williams.

Amma kashin bayan abin shi ne Zaɓi Sonka. Mutum ya sayi katin gaisuwa, ya jera sunayen 'yan'uwa da abokan arziki, ya aika Kaduna, a karanta, a biyo da waƙa. Wato mai sauraro ma yana da hannu a tsara kiɗan. Har ƙungiyoyin Zaɓi Sonka aka kafa gari-gari, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka zama aminai ta dalilin jin sunan juna. Ku tuna fa, lokacin babu waya. Yarinya an kai ta aure Tsanyawa, uwarta tana Ungogo, sai a yi wata biyu ba su ga juna ba. Ranar da wanta ya sa sunanta a kati, gidan nan kaf sai an sani, kishiya ma ta ji (ba lalle ta ji daɗi ba). Mu marubuta mun sha cin albarkacin wannan, domin soyayya nawa ce a littattafanmu ta faro daga gaisuwar rediyo?

Me ya kawo canji? A 1992 gwamnatin Babangida ta yi dokar soja mai lamba 38, wadda ta bai wa 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo. Raypower ya fara a Legas a 1994, mu Kano sai a ƙarshen 2003 Freedom Radio ya buɗe, wasu suka yi ta biyowa. Gaskiya sun yi aiki. Talaka ya sami bakin magana, shiri irin Inda Ranka ya sa masu mulki sun san ana kallonsu. Sai dai tasha mai zaman kanta da kuɗin fili take sayen man janareta, ta biya ma'aikata. Minti goma sha biyar da za a bai wa Shata kyauta, ga ɗan siyasa zai biya, ga mai maganin gargajiya zai biya, ga mai makarantar kuɗi. Wa zai ƙi? Sai waƙa ta koma abin cike gurbi, a sako baiti biyu a datse, talla ta shigo.

Ba a nan kaɗai aka taɓa haka ba. A Amurka ma an yi tashoshin da ba sa komai sai sa kiɗa mai taushi dare da rana, a shekarun 1980 suka yi ta sauya salo, saboda masu sauraronsu sun manyanta, masu talla kuma matasa suke nema.

Namu kuma ya haɗu da rashin su kansu mawaƙan. Ɗankwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya a 2015, Allah ya jiƙansu. Kafin nan waƙar fim mai fiyano ta riga ta cika gari, tun bayan Sangaya, kuma ita yara suke buga waya su nema. Ni ban ƙi waƙar fim ba, kusan a cikinta muka tashi, amma wallahi kiɗan rawa daban, kiɗan da mace za ta yi tankaɗe tana lallashin goyo da shi daban. Ga kuma abin da ba a cika lura da shi ba: wayar salula da ta shigo a 2001, rediyon da ke cikinta FM kawai yake kamawa. Gidan da ya ajiye tsohon akwati ya koma waya, ya yi sallama da mita 49 ke nan.

Har yanzu wasu tashoshi suna ware wa mawaƙan gargajiya fili, amma sai kin yi farautarsa, sau da yawa a lokacin da matar da ta wuni tana aiki ta riga ta yi barci. Shi ya sa dattijan mata suka koma aiken jikoki kasuwa, wajen masu tura waƙa, a cika musu memori da Shata da Haruna Uji da Barmani, a zura a ɗan rediyon Caina mai caji. Kiɗan yana fita tas, ba ƙugi ba shaƙewa irin na gajeren zango. Sai dai waƙa na ƙarewa wata ke hawa, babu mai tsayawa a tsakani ya ce ɗanki da ke Kurmi yana gaishe ki.