Kotso a Cikin Kwamfuta: Ina Buɗaɗɗun Manhajojin Kiɗa Suka Kwana?

A shekarar 1991 Allah ya yi wa Alhaji Musa Ɗanƙwairo rasuwa, mawaƙin fadar nan na Maradun, haifaffen Ɗankadu ta ƙasar Bakura, wanda amon kotsonsa ya kai har gaban Sardaunan Sakkwato. A cikin wannan shekara ce kuma kamfanonin ƙera kayan kiɗa na Amurka da Japan suka amince da wani jeri na sautuka 128 mai suna General MIDI, domin fiyano da kwamfuta su riƙa fahimtar juna. A jerin akwai sitar ta Indiya, da gangar taiko ta Japan, da kalimba ta Afirka, har da shanai, 'yar'uwar algaita. Babu kotso, babu kalangu. Wannan giɓi shi ne matashin da ya kafa ɗan situdiyo a ɗakinsa a Talata Mafara, ko Dakko, ko Maradun zai fara cin karo da shi ranar da ya so ya sa kiɗan gida a waƙarsa.

Kafin a kai can, ya kamata mai karatu ya san aikin manhajar jera kiɗa. Ita ba sauti take ɗauka ba kamar rikoda. Umarni take ajiyewa: wane amo za a buga, a wane lokaci, da wane ƙarfi, kuma ya daɗe har yaushe. Yaren da ake rubuta wannan umarni shi ne MIDI, wanda ya fito a 1983. A cikinsa kowane amo yana da lamba daga 0 zuwa 127, haka kuma ƙarfin bugu. Saboda umarni ne kawai, ana iya sauya saurin kiɗa, ko a ɗage bugu ɗaya tak daga wurinsa, ba tare da an sake kiran makaɗi ba. Da irin wannan dabara fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano a ƙarshen shekarun 1990, mutum ɗaya ya riƙa yin aikin ƙungiya guda a waƙoƙin finafinai.

To, ina gizo yake saƙar? Lambobin MIDI matakala ce irin ta fiyano. Tsakanin amo mai kaɗawa sau 220 a daƙiƙa da mai kaɗawa sau 440 an yanka matakai 12, kowane mataki ya ɗara na ƙasansa da kusan kashi 6 cikin ɗari. Kotso kuwa bai san matakala ba, gangara yake bi. Makaɗi yana bugun fata da hannu, yana matse igiyoyin da suka ɗaure ta, amo ya hau, ya sassauta, amo ya sauko, alhali bugun bai gama mutuwa ba. Malaman fiziya za su ji daɗin wannan misali a aji, domin kaɗawar fata tana bin tushen murabba'in ɗaurinta ne, wato sai an ninka ɗauri sau huɗu kafin amo ya ninka sau biyu. Da wannan hawa da sauka ne gangar take kwaikwayon karin sautin Hausa, har mai sauraro ya tsinci kirari a ciki. Idan aka daddatse shi a kan matakalar fiyano, bugun yana nan amma maganar ta tafi.

Tsohon MIDI yana da umarnin lanƙwasa amo, mai matakai 16,384, sai dai yana lanƙwasa duk abin da ke kan tasha ɗaya ne gaba ɗaya, tashoshin kuma 16 ne kacal. An sassauta wannan ƙunci a 2018 da tsarin MPE, sannan MIDI 2.0 na 2020 ya ba kowane amo damar lanƙwasa shi kaɗai, ya kuma faɗaɗa ma'aunin ƙarfin bugu zuwa matakai 65,536. Amma amincewa da ƙa'ida daban, shigarta cikin manhajar da ke hannun jama'a daban, kuma wannan tafiya a hankali take yi.

A nan ne buɗaɗɗun manhajoji suke da abin faɗa. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka saki rubutun shirinta, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu, galibi a ƙarƙashin lasisin GPL da Richard Stallman ya fitar a 1989. FL Studio da matasa suka fi sani ta sayarwa ce, kuma a kulle take. Takwararta a buɗe ita ce LMMS, wadda aka fara a 2004, fitowarta ta 1.2 kuma ta zo a 2019, tana aiki a kan Windows da Linux da macOS. Ardour, ta Paul Davis, ta fi ta nauyi da zurfi. Fitowarta ta 7 a 2022 ta kawo hanyar tayar da gajerun zagayen kiɗa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya dace da waƙar da jagora ke bayarwa 'yan amshi suna karɓa, ta 8 a 2023 kuma ta sauƙaƙa gyaran ƙarfin kowane bugu a kan allo.

Wadda ta fi kusa da buƙatar ƙasar Zamfara, duk da ƙanƙantarta, ita ce Hydrogen, manhajar ganguna zalla, wadda ta kai fitowa ta 1.0 a 2020. Tana barin mutum ya harhaɗa gangunansa da sautin da ya ɗauka da kansa, ya ajiye wa ganga ɗaya sautuka har 16, manhajar ta zaɓi wanda ya dace da ƙarfin bugu. Wannan yana da muhimmanci, domin bugu mai taushi ba bugu mai ƙarfi ba ne da aka rage wa murya, launinsa ma daban ne. Tana kuma iya ɗan gusar da bugu daga kan ma'auni da gangan, don kada kiɗa ya fito a sandare. Wannan gusarwa ta kan-mai-uwa-da-wabi ce, ba ta kama ƙafar jinkirin da gwanin makaɗi yake yi da saninsa ba.

Aikin da ya rage bai fi ƙarfin ƙungiyar kimiyya ta makarantar sakandare ba, balle ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara. Ana buƙatar makirfo mai kyau, da ɗaki marar amsa-kuwwa, da Audacity, buɗaɗɗiyar manhajar ɗaukar sauti da ta fito a 2000. A ɗauki kowane bugu shi kaɗai, mai taushi da matsakaici da mai ƙarfi, a kan sakakkiyar fata da matsattsiya, sannan a ɗauki hawa da saukar amo a dunƙule, kada a bar wa kwamfuta ta ƙirƙiro su. Kafin a kunna makirfo kuwa, sai an zauna da makaɗin an yi magana ta fahimta, a rubuce: sunansa zai bi sautin duk inda ya je, da abin da za a biya shi, da ko ya yarda a yi kasuwanci da shi. Kotso kiɗan fada ne da ake gada, saboda haka a wasu gidajen amsar ba ta bakin mutum ɗaya za ta fito ba.