Ziyarar Kintampo da Garin Birai

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu na zango sun san sunan Kintampo a littafin makaranta, amma ba su taɓa sa ƙafa a can ba. Dalili ke nan da ya sa mu malamai muka haɗa kuɗin mota, muka kwashi ɗalibai muka nufi Jihar Bono ta Gabas.

Kintampo tana kan hanyar Kumasi zuwa Tamale, gaba da Techiman, kusan a tsakiyar ƙasar Ghana. Ba baƙon gari ba ne ga Hausawa, domin bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, kasuwar goro ta bunƙasa a nan, fataken Gwanja suka riƙa sauka.

Matsirgar ruwan tana da nisan kamar kilomita 4 daga gari. Kogin Pumpum ne ke gangarowa daga kan dutse hawa uku, na ƙarshen shi ne babba, tsawonsa ya kai mita 25. Sai an bi matakala mai tsawo kafin a isa gindinsa, inda rugugin ruwa ke hana mutum jin maganar na kusa da shi. Zamanin mulkin mallaka Turawa sun kira wurin Sanders Falls.

To, amma wurin yana da tarihi mai ban tausayi. A watan Maris na 2017 aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, wata ƙatuwar bishiya ta faɗo kan masu wanka a gindin ruwan, kusan mutum 20 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar sakandare. Gwamnati ta rufe wurin, aka yi gyara, sannan aka sake buɗewa a ƙarshen shekarar. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu malamai: idan hadari ya taso, a fitar da yara daga ruwa nan take, kada a fake a gindin bishiya. A raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da malaminsa, a ƙirga su wajen sauka da wajen hawowa. 'Ya'yan mutane amana ne.

Daga nan muka wuce Boabeng da Fiema, ƙauyuka biyu a yankin Nkoranza, inda mutane da birai ke zaman lafiya tun kaka da kakanni. Birai iri biyu ne: mona, mai shiga gidaje ya wawuri abinci, da kolobas, baƙi mai farar jela, wanda ke cin ganye can ƙololuwar bishiya. Al'adar mutanen wurin ta hana kashe biri, kuma a 1975 aka kafa dokar da ta ƙarfafa hanin. Idan biri ya mutu, a akwati suke binne shi, har maƙabarta gare su.

Al'adarsu daban, tamu daban, amma abin lura shi ne saboda biran nan ne kurminsu ya tsira, alhali dazuzzukan kewaye sun sha gatari da wutar daji. Yau baƙi na zuwa, ƙauyen na samun kuɗin shiga.

Iyaye, idan makaranta ta shirya irin wannan tafiya, ku tambayi malamai nawa za su raka yaran, da lokacin tafiyar. Rani ya fi kwanciyar hankali. In an cika waɗannan, ku bar su su je, domin gani ya kori ji.