Tsagewar bakin gashi

Tsagewar bakin gashi wani yanayi ne da ƙarshen silin gashi ke bushewa ya rabe gida biyu ko fiye, bayan ɓawon da ke lulluɓe da shi ya zaizaye. Likitocin fata suna kiran sa tirikoptilosis, sunan da aka haɗa daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar gashin kai da gashin tsuntsu, saboda kamar da bakin yake yi da gashin tsuntsu idan ya tarwatse. An fi samun sa a dogon gashi, da gashin da aka sa wa sinadarai ko aka yawaita gasa shi da zafi. Ba cuta ba ce mai yaɗuwa, kuma ba ya ciwo, amma yana cikin manyan abubuwan da ke hana gashi ƙara tsawo. Bakin da ya riga ya tsage ba ya sake haɗewa. Maganinsa shi ne datsewa, sauran hanyoyin kulawa kuwa suna sassauta bushewa ne da kare abin da bai lalace ba.

Tsarin silin gashi

Mafi yawan jikin gashi wani furotin ne mai ƙarfi da ake kira keratin, irin wanda ke cikin farce. Saiwar gashi da ke cikin fata ita kaɗai ce mai rai. Abin da ya fito waje ba jini a cikinsa, ba jijiya, don haka ba ya iya warkar da kansa kamar yadda fata ke yi idan ta ji rauni.

Silin gashi yana da sassa uku. Na waje shi ne ɓawo, wanda ya ƙunshi ƙananan sassaƙe da ke hawa kan juna kamar ɓawon kifi, suna fuskantar ƙarshen gashi. Idan suna kwance lumui, gashi yakan yi santsi da sheƙi. Na tsakiya shi ne jikin gashi, inda ƙarfinsa da launinsa suke, kuma tamkar igiya yake da aka tufka da zarurruka masu yawa. Na can ciki shi ne ɓargo, wanda ba a samun sa a wasu siraran gashi. Idan ɓawo ya ƙare a wani wuri, zarurrukan ciki sukan warware kamar bakin igiyar da ba a ɗaure ba. Wannan warwarewar ita ce tsagewa.

Me ya sa baki ne ke fara lalacewa

Gashin kai yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 a wata, kuma bincike ya nuna cewa na yawancin 'yan Afirka yakan gaza haka kaɗan. Ke nan gashin da ya kai santimita 30 bakinsa ya kai shekara biyu da rabi ko fiye, wanda ya kai santimita 60 kuma ya kai shekara biyar. Idan ana wanke kai sau ɗaya a mako, bakin gashi mai santimita 30 ya sha wanki kusan sau 130, ban da taza da kitso da tsifa da rana. Saboda haka baki shi ne mafi tsufa a duk gashin, kuma shi ya fi shan wahala.

Dalili na biyu shi ne maiƙo. Fatar kai tana fitar da nata maiƙon da ke gangarawa jikin sili yana kare shi. A miƙaƙƙen gashi yakan sauka da sauƙi, amma a murɗaɗɗen gashi lanƙwasar silin tana tare shi, ba ya isa baki sosai. Bugu da ƙari, kowace lanƙwasa wuri ne mai rauni. Binciken da likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka wallafa a shekarar 2000 ya nuna cewa gashin baƙar fata ya fi na sauran al'ummu yawan ƙullewa da karyewa yayin taza, ko da ba a taɓa sa masa sinadari ba.

Dalilan lalacewa

Gogayya. Taje busasshen gashi da mataji mai ƙananan haƙora, fizgar sarƙaƙiya da ƙarfi, goge kai da tawul mai kaushi, da gugar baki a kafaɗa ko matashin kai, duk suna kankare ɓawo a hankali. Robar ɗaure gashi mai ƙarfe a jiki ma tana yanka sili.

Zafi. Ƙarfen miƙar da gashi na lantarki yakan kai digiri 230 a ma'aunin Salshiyos, alhali ruwa yana tafasa ne a digiri 100. Idan aka ɗora shi a kan gashin da bai gama bushewa ba, ruwan da ke cikin sili yakan zama tururi ya bar ƙananan kumfa a ciki, kuma gashi yakan karye a daidai wuraren. Na'urar busar da gashi ma tana ɓarna idan aka kusantar da ita ko aka daɗe a wuri ɗaya.

Sinadarai. Ƙarfin gashi ya dogara ne da wasu ɗaure-ɗaure na sinadarin sulfa da ke haɗa zarurrukan keratin. Man miƙar da gashi da aka sani da rilaksa yana aiki ne ta hanyar tsinka su. Nau'insa mai soda mai ƙuna yana kaiwa maki 12 zuwa 14 a ma'aunin pH, yayin da fatar kai da gashi suka saba da 4.5 zuwa 5.5. A 2010 Khumalo da abokan aikinta sun nuna cewa gashin da aka sa wa rilaksa yana da ƙarancin sistin, wato sinadarin da ke ɗauke da waɗannan ɗaure-ɗauren. Rini mai ɗorewa da maganin kore launin gashi su ma suna buɗe ɓawo su raunana ciki. Ɓarnar ta fi tsanani idan aka maimaita sinadari a kan gashin da aka riga aka sa wa.

Ruwa da sabulu. Gashi yana kumbura idan ya jiƙe, ya tsuke idan ya bushe, kuma ya fi rauni yana jiƙe. Sabulun wanka da sabulun salo suna da kaifi irin na kanwa, sukan wanke maiƙo su ɗaga ɓawo. Ruwa mai zartsi da ruwan wurin ninƙaya mai kulorin suna barin gashi da kaushi.

Yanayi. Hasken rana yana lalata furotin da launin gashi. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, danshin iska a arewacin Najeriya da kudancin Nijar yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, gashi ya bushe ya yi saurin karyewa.

Kitso. Kitso yana kare baki idan an tura shi ciki, amma matsattsen kitso, ƙarin gashi mai nauyi, da barin kitso ya daɗe har ya cukurkuɗe suna jawo karyewa, musamman ranar tsifa.

Alamomi

Alamar farko ita ce baki ya yi kaushi ya rasa sheƙi, ya bambanta da gashin da ke kusa da fata. Yakan riƙa sarƙewa jim kaɗan bayan an taje shi, jelar kitso ta sirance, kuma a riƙa ganin gajerun guntaye a mataji ko a kafaɗa. Ana bambance karyayyen gashi da wanda ya zube da kansa ta hanyar duba gindinsa: wanda ya zube yana da ɗan farin kai kuma yana da cikakken tsawo, karyayye kuwa gajere ne ba shi da wannan kan. Zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba matsala ba ce.

Tsagewar tana da siffofi. Akwai mai rabuwa biyu kamar baki na gwafa, akwai mai rassa da yawa, akwai wadda ke buɗewa a tsakiyar sili kamar kafar allura. Akwai kuma ƙananan fararen ɗigo a jikin sili, waɗanda wurare ne da ɓawo ya fashe, gashin na dab da gutsurewa. A murɗaɗɗen gashi ana yawan samun sili ɗaya ya ƙulle kansa.

Magani

Datsewa. Ita kaɗai ke kawar da tsagewa. Ana yanke gashi kimanin rabin santimita zuwa santimita 1 sama da inda tsagar ta tsaya, da almakashi mai kaifi da aka keɓe don gashi. Dakusasshen almakashi yana tauna baki ya bar sabon rauni, haka ma tsinkewa da yatsa. Idan aka bar tsaga, takan ci gaba da hawa sama, har a yi asarar tsawon da ya fi wanda ake gudun yankewa. Masu gyaran gashi kan ba da shawarar duba baki duk bayan mako 8 zuwa 12. Wadda gashinta ke ƙaruwa da santimita 3 a wata uku, ta datse 1, ta ci ribar 2. Mai son riƙe tsawo na iya raba gashi kashi-kashi a wuri mai haske, ta riƙa cire silin da ya tsage kaɗai.

Kwandishana. Yana ɗauke da sinadaran da ke manne wa wuraren da suka lalace, su kwantar da ɓawo su rage gogayya. Ana shafa shi daga tsakiyar gashi zuwa baki bayan kowane wanki, shamfu kuwa a fatar kai ake cuɗa shi, kumfar da ke gangarowa ta isa wanke baki. Akwai nau'in da ake bari minti 15 zuwa 30 kafin a ɗauraye, da wanda ba a ɗauraye shi.

Mai. Mai ba ya ƙara wa gashi ruwa, yana riƙe wanda ke ciki ne, don haka ya fi amfani a kan gashi mai ɗan danshi. A 2003 masu bincike biyu a Indiya, Rele da Mohile, sun gwada man kwakwa da man furen rana da man ma'adinai, suka gano cewa man kwakwa ne kaɗai ya rage zubar furotin daga gashi, saboda yana iya ratsa sili. Ana shafa shi kafin wanki don rage kumburin gashi.

Kayan liƙe baki. Wasu mayukan kanti masu silikon ko narkakken furotin suna liƙe tsaga su sa baki ya yi santsi. Aikinsu na ɗan lokaci ne, yana gushewa da wanki. Yawan amfani da masu furotin kuma kan sa gashi ya sandare.

Hanyoyin gargajiya

A ƙasar Hausa an daɗe ana shafa man kaɗanya da man alayyadi da man shanu lokacin tsifa da kitso. Suna tausasa gashi su sa mataji ya wuce da sauƙi. Daga Sudan da Chadi man karkar ya shigo kasuwanni, wanda ake haɗawa da man riɗi da kakin zuma da kitse. Matan Larabawan Basara na Chadi sun shahara da garin shebe, wanda ake yi da soyayyen irin wata bishiya tare da mahalab da kanumfari. Ana cuɗa shi da mai a shafe tsawon gashi ban da fatar kai, sannan a kitse. Abin da waɗannan hanyoyi suka haɗu a kai shi ne lulluɓe sili da maiƙo da rage taɓa shi, kuma hakan na rage karyewa har tsawo ya taru.

Lalle yana manne wa keratin ya ƙara wa sili kauri, amma yakan bar gashi da bushewa idan ba a bi shi da mai ba. Baƙin lalle da ake gauraya wa sinadarin rini na PPD yana iya haddasa ƙaiƙayi da kumburin fata mai tsanani. A Burazil akwai salon ƙona tsagaggen baki da kyandir, sai dai wuta tana lalata gashin da ke kusa, ga kuma haɗarin ƙuna.

Rigakafi

Ana fara warware sarƙaƙiya da yatsu, sannan mataji mai faɗin haƙora, daga baki zuwa gindi, bayan an sa kwandishana ko mai.

Ana matse ruwa da laushin ƙyalle a maimakon gogewa, a bar gashi ya bushe sarai kafin a kusantar da ƙarfe mai zafi, a kuma yi amfani da mafi ƙarancin zafin da zai yi aikin.

Ana sa rilaksa a sabon tsiro kaɗai, da tazarar wata biyu zuwa uku, kuma ba a haɗa ta da rini a rana ɗaya.

Ana kwana da hula ko ɗankwali mai santsi irin na siliki ko satin, domin auduga tana tsotse maiƙo. Ana iya sa irinsa a ƙarƙashin ɗankwali ko hijabi da rana, amma ba a rufe gashi yana jiƙe.

Ana yin kitso sassauƙa, a tura baki ciki, a tsefe shi kafin ya cukurkuɗe.

Kuskuren fahimta

Mutane da yawa sun ɗauka datse baki yana sa gashi saurin fitowa. Gashi daga saiwa yake tsirowa, abin da aka yi wa baki ba ya canza saurinsa. Amfanin datsewa shi ne hana karyewa. Haka kuma gashin da ake cewa ya daina tsawo sau da yawa yana fitowa ne, amma bakinsa na gutsurewa daidai gwargwadon abin da ya ƙaru. Ƙwayoyin bitamin ba sa gyara gashin da ya riga ya fito, suna taimakon sabon tsiro ne kawai ga wanda jikinsa ke da ƙarancinsu. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yawan shan bayotin na iya gurɓata sakamakon wasu gwaje-gwajen jini.

Ganin likita

Idan gashi ya bushe yana karyewa a duk kai ba tare da sinadari ko zafi ba, abin na iya zama alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, raunin aikin ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod, ko ƙarancin furotin a abinci, kamar yadda ake gani ga yara masu tamowa. Ana buƙatar ganin likita idan karyewar ta zo da kasala, ramewa ko ƙiba ba dalili, ƙuraje ko makero a fatar kai, ko kuma gashin goshi ya fara ja da baya saboda jan kitso, domin idan wannan ya daɗe saiwar kan mutu gashin ya daina fitowa a wurin.