Daga kaset zuwa memwar: labarin akwatin waƙa na aljihu



Yau a kasuwar Agadas, ko Ingal, ko Tabelot, waƙa na tashi daga wayar samari. Wani karatun Alƙur'ani yake saurare, wani wa'azi. Duk suna cikin ɗan abin nan da ake ce ma memwar, wanda bai wuce farcen yatsa ba. Amma tsakanin kaset da memwar an yi wani akwati da ya yi tashe a duniya. Sunan shi iPod. Sanin labarin shi zai taimake mu mu tsare abin da muka ajiye.

Zamanin kaset

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fitar da kaset a 1963. A 1979 kamfanin Sony na Japan ya ƙera Walkman, ƙaramin akwatin kaset da ake yawo da shi. Kaset babba na ɗaukar minti 90, wato waƙa wajen 20.

Kaset ta yi aiki sosai a Abzin. A shekarun 1990, lokacin tawaye, waƙoƙin gita na Abdallah Oumbadougou sun zagaye ƙasar ta kaset. Wannan ya kwafa ya ba wancan. Amma kaset na da aibi. Zare na tsinkewa. Rana na lalata ta. In aka yi ta kwafa, murya na disashewa.

Mene ne faifai mai tauri?

Masana a Jamus sun samo dabarar matse murya ta koma ƙarama. Ita ake kira MP3. Daga nan aka riƙa auna waƙa kamar yadda muke auna hatsi da tiya. Ƙaramin ma'auni sunan shi mega. Mega 1000 su ne jiga 1. Waƙa guda na cin mega 4 ko 5.

To, ina za a zuba waƙoƙin? Sai aka ɗauko rumbun da ke cikin kwamfuta. Shi ne faifai mai tauri. Wani ɗan faifai ne mai santsi, an shafe shi da sinadarin maganaɗisu. Yana juyawa da gudu, sau dubbai a minti guda. A saman shi akwai ɗan hannu mai rubutawa da karantawa. Hannun ba ya taɓa faifan. Iska ce ke riƙe shi, kuma tazarar da ke tsakanin su ko kusa ba ta kai kaurin gashi ba.

Faifai na farko kamfanin IBM na Amurka ya yi shi a 1956. Nauyin shi ya kai wajen ton guda, amma mega 5 kawai yake ɗauka. Wato waƙa guda ta ishe shi! A hankali aka yi ta rage girman shi, ana ƙara mashi ciki. A 1999 aka fara sayar da akwatin waƙa mai irin wannan faifai, mai suna Personal Jukebox.

Zuwan iPod

Ranar 23 ga watan Oktoba 2001, Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na Amurka, ya nuna ma duniya iPod. Girman shi kamar kwalin karta. Nauyin shi giram 185. Yana da jiga 5, wato waƙa 1000. Ka ga kaset fiye da 40 ke nan a aljihu guda. Batirin shi na yin awa 10. A gaban shi akwai ɗan gilashi mai nuna sunan waƙa, da wani zobe da ake murzawa da babban yatsa don a zaɓi wadda ake so.

Akwai wata dabara a ciki. Faifan ba ya juyawa kullum. Yakan juya kaɗan, ya ɗebo waƙoƙi ya zuba a wata ƙaramar ma'ajiya, sannan ya tsaya. Kamar mace ce da ke ɗebo hatsin yini daga rumbu, ta rufe. Da haka batir ke daɗewa, waƙa kuma ba ta yankewa in mutum na tafiya.

Kowace shekara ana ƙara mashi wani abu. A 2004 ya fara nuna hotuna masu launi. A 2005 ya fara nuna bidiyo. A 2007 cikin shi ya kai jiga 160, wato waƙa 40.000. In ka kunna shi dare da rana, sai ka yi fiye da wata 3 ba ka maimaita waƙa ba.

Me ya hana shi yaɗuwa a karkara?

Na farko, tsada. An fara sayar da shi dalar Amurka 399. A lokacin ya haura jikka 250 na kuɗinmu.

Na biyu, ba a zuba mashi waƙa sai da kwamfuta. Ba ka iya ba abokinka waƙa kai tsaye.

Na uku, ba shi da lasifika. Mutum ɗaya ke saƙala waya a kunne ya ji shi kaɗai. Mu kuwa a wurin shan shayi tare muke saurare.

Na huɗu, rauni. Abin da ke juyawa ba ya son girgiza. In ya faɗi faifan na juyawa, hannun nan na iya karce shi, waƙoƙi su tafi. Masu ƙera shi sun ce kada a yi aiki da shi in zafi ya wuce digiri 35. A Agadas kuwa zafin bazara na wuce 40.

Memwar ta ci kasuwa

Memwar ba ta da abin da ke motsi a ciki. Ba ta tsoron girgizar mota ko ta raƙumi. Ƙaramar memwar ta waya ta fito a 2005. A wannan shekara Apple ma ya fara yin iPod marar faifai. A 2014 aka daina yin mai faifai, a 2022 aka daina yin iPod gaba ɗaya. Waya ta gaje shi.

A nan ƙasarmu mun ga ƙarfin memwar. Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa, ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙin shi. Suka yi ta bi daga waya zuwa waya ta Bluetooth, har Mali. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji su a wayoyin mutane. A 2011 ya sa ɗaya daga ciki a faifan da ya fitar a Amurka. A 2015 aka fitar da fim ɗin da suka yi tare a Agadas. Daga nan duniya ta san shi.

Gargaɗi

Kaset ɗaya in ta lalace, waƙa 20 ka rasa. Memwar ɗaya in ta mutu, komai ya tafi lokaci guda: waƙoƙi, hotunan biki, har muryar tsohon da ya rasu. Kuma sau da yawa ba ta yin gargaɗi kafin ta mutu. Don haka:

1. Abin da ke da daraja, a ajiye shi wuri biyu. Memwar ɗaya a waya, ɗaya a akwati a gida.
2. Kada a zare memwar waya na aiki. A kashe ta tukuna.
3. A yi hattara da memwar mai arha ƙwarai. Akwai ta jabu, wadda aka rubuta mata jiga da yawa amma cikinta kaɗan ne.
4. Kada a bar waya a rana.
5. Mai tsofaffin kaset na kiɗan tende, ko na Biyanu, ko wa'azin malamai, ya kai ma masu kwamfuta a birni su juye mashi tun zaren bai lalace ba.

Ku tattauna da malaminku a aji: wane dattijo ne a garinku ya san tarihi da waƙoƙin da? Ku nemi izinin shi ku ɗauki muryar shi, ku ajiye wuri biyu.