Ina Labarin Kakanninmu Da Suka Tafi Haƙar Kuza?

 A garuruwanmu na kudancin Jigawa, tun daga Kiyako da Birnin Kudu har zuwa Gwaram, ba a rasa gidan da za ki ji tsohuwa ta ce, "Ai ƙanen babana ya tafi Jos haƙar kuza, har yau shiru." Daga nan sai zance ya tsaya. Ba a san barikin da ya sauka ba, ba a san ko ya yi aure ya bar baya ba. Shin wa zai bi sawun waɗannan bayin Allah idan tsofaffin da suka san sunayensu suka kwanta dama?

A ƙasar Ingila, inda aka rufe ramin haƙar kwal mai zurfi na ƙarshe a shekarar 2015, jikokin ma'aikatan kan kafa ƙananan ƙungiyoyi a ƙauyukansu, suna tattara sunaye da hotuna da takardun kakanninsu. Mu ma a Nijeriya muna da tarihin kwal. An gano shi a Udi, kusa da Inugu, a 1909, kuma a ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 a mahaƙar Iva saboda sun nemi haƙƙinsu. To amma abin da ya fi taɓa gidajenmu na Arewa shi ne kuza.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai ta ƙasar Kano sun san haƙar kuza da narkar da ita, fatake suna ɗauka zuwa kasuwanni. Da Turawa suka gano inda arzikin yake, sai kamfanoninsu suka cika tsaunukan Jos. Aka ja layin dogo daga Zariya ya isa can a 1914, sannan a 1927 wani layin ya iso daga kudu, yana kawo kwal ɗin Inugu yana kwashe kuza zuwa bakin teku. Da an gama girbi, samari kan ɗaure ƙunshinsu su tafi cin rani Bukuru ko Barikin Ladi, su yini suna ɗaukar ƙasa a kwanon sarki don su samo kuɗin haraji da na aure. Mata ma ba a bar su a baya ba, wasu sun bi mazajensu, suna dama fura da tuƙa tuwo suna sayar wa leburori.

Lokacin da ya fi tsanani shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya, inda ake haƙar kuza mai yawa, sai gwamnati ta shiga ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa. Tsakanin 1942 da 1944 an kai kimanin mutum 100,000 aikin tilas, kuma ɗaruruwa sun rasu saboda sanyin Jos da yunwa da cuta. Wasu sun dawo, wasu kuma sun zauna can suka hayayyafa. Ko da kasuwar kuza ta karye a 1985, zuri'arsu ta riga ta zama ta can.

Wata za ta ce, me ya dame mu da tone-tonen abin da ya wuce? 'Yar uwa, abin ya shafi yau. Na farko, zumunci, domin wanda ba ki san da shi ba, ba za ki sada shi ba. Bayan rikicin Jos na 2001 an ga iyalai da suka so komawa garin kakanninsu, amma ban da sunan gari babu abin da suka riƙe. Na biyu, gado. Shari'a ba ta yarda a raba gona a manta da magaji ba, kuma wasu daga shari'un gonaki da ke raba 'yan uwa, tushensu wani kaka ne da ya tafi ba a rubuta labarinsa ba. Na uku, tarbiyya. Yaron da ya san kakansa ya yini cikin laka don ya ci halal, zai ji kunyar miƙa hannu.

A ajin matan aure na Islamiyyarmu, idan aka ce kowace ta lissafo kakanninta, kaɗan ne ke wuce uku. Amma idan aka tura su gida su tambayo, sai su dawo da labarai cike da baki. Wannan ya nuna ilimin yana nan, marubuta ne babu. Ga yadda mata biyar ko shida na unguwa ɗaya za su fara:

A sayi littafi mai kauri, kowane gida a ba shi shafukansa. A fara da mafi tsufa a dangi, a je mata da goro da ladabi, a bar ta ta yi zance ba tare da katsewa ba. A tambayi sunan yanka da laƙabi, da sunan uwa, da garin da aka tafi. Tsofaffi ba su riƙe shekara da lamba, don haka a tambaya da zamanin wane hakimi ne, ko kafin wace yunwa, ko bayan wane yaƙi. Idan ta yarda, a ɗauki muryarta a waya. A duba akwatunan ƙarfe da adakar tsofaffi, domin takardar haraji ko wasiƙar ajami na iya ɗauke da sunan bariki. Abin da ya gagara, sai a sa 'ya'yanmu ɗalibai su bincika a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa, duka a Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano.

Sai dai a kiyaye amana. Bincike kan tono sirri, kamar bauta ko saki ko tsohuwar gaba. Abin da zai ɓata sunan wani gida a rufe shi, kuma kada asali ya zama abin gori tsakanin kishiyoyi ko surukai.

Tsofaffinmu suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, don haka wadda take da kaka a raye, kada Juma'ar nan ta wuce ba ta je gaishe ta da littafi a hannu ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara mana zumunci, amin.