Gano Dalilin Shaƙewar Inji Yayin Tashi Daga Silo a Tsofaffin Motocin A-kori-kura: Misali Daga Garejojin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana wata matsala guda wadda ta addabi masu tsofaffin motocin a-kori-kura, watau shaƙewar da inji kan yi a daidai lokacin da direba ya taka totur don tashi daga silo. Direbobi kan ce motar ba ta amsa totur, ko kuma tana jakin. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, ana iya gano tushen wannan cuta ta hanyar gwaje-gwaje masu sauƙi in an bi su daki-daki, ba sai an sayi sabuwar kafireta ba.

An ɗauki Kaduna misali ne saboda tarihinta da Peugeot. An kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, ya kuma fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975. A-kori-kura samfurin 404 da 504 sun zama jakunan dakon 'yan kasuwa da manoma, kuma ko da yake an daina ƙera su, waɗanda suka saura suna ci da mutane. Yawancin gyaransu kuwa a arewacin kogi ake yi, a garejojin Tudun Wada da Kurmin Mashi da Kawo, inda ake dogaro da 'yan kayan gyara na Oriapata da maƙeran Panteka.

2.0 Abin da ke faruwa a cikin inji

Injin fetur yana bukatar iska da mai a gauraye bisa ƙa'ida, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur in an auna da nauyi. A lokacin silo, murfin totur da ke gindin kafireta kusan a rufe yake, saboda haka zuƙa tana da ƙarfi a cikin manifol, mai kuma yana fitowa ta ƙaramin jet na silo. Da zarar an taka totur murfin ya buɗe, sai iska ta kwararo nan take domin ba ta da nauyi. Shi kuwa fetur, wanda ya fi iska nauyi kusan sau 600, sai ya yi nawa. Bugu da ƙari, zuƙar manifol takan faɗi, wani ɓangare na tururin man ya koma ruwa ya lafe a jikin bango, alhali babban jet bai fara aiki ba tukuna, domin gudun iska a maƙogwaron kafireta bai kai ya jawo shi ba.

Wannan ɗan taƙin shi ne mahaɗar da inji ke iya shaƙewa. Masu ƙera kafireta irin ta Solex, wadda aka saba gani a kan waɗannan motoci, sun yi mata gada biyu. Ta farko ita ce 'yan ƙananan ƙofofi da ke dab da bakin murfin totur, waɗanda ke ba da mai da zarar murfin ya fara ɗagawa. Ta biyu kuwa ɗan famfo ne mai fatar roba, wanda ke tsarto fetur kai tsaye cikin maƙogwaro duk lokacin da aka taka totur. Har ila yau, distiributa tana da wani gwangwani mai amfani da zuƙar inji don gaggauta wuta. Idan ɗaya daga cikin waɗannan uku ya gaza, sai a ji motar ta yi kamar za ta mutu kafin ta ɗauka.

3.0 Matakan bincike

3.1 Tambayar direba. Wajibi ne bakanike ya san ko shaƙewar tana zuwa da sanyin safiya ne kawai ko ko har bayan inji ya yi zafi, da kuma ko ta fara ne bayan wani gyara ko bayan shan mai a wani wuri. Shaƙewar da ke gushewa in inji ya ɗumama ba lalle ta zama cuta ba, musamman a watannin hunturu.

3.2 Wuta kafin mai. Gauraye mai ƙarancin fetur yana da wuyar kamawa, don haka raunin wuta yakan fara bayyana ne a wannan mahaɗa. A duba bakin kwantak, wanda a injin 404 ake saita shi a kan milimita 0.4, da bakin fulogi a kan milimita 0.6. A duba kwandensa da wayoyin fulogi da murfin distiributa ko ya tsage. Sa'an nan a daidaita tayimin da fitila, ba da kunne kaɗai ba. A cire tiyon gwangwanin zuƙa a tsotsa: in farantin kwantak bai motsa ba, ko iska tana wucewa ba tsayawa, to fatarsa ta huje.

3.3 Gwajin cok. Waɗannan motoci suna da cok na hannu, wanda kayan bincike ne na kyauta. In inji ya yi zafi, a ja cok kaɗan a taka totur. Idan shaƙewar ta ragu, mai ne ya yi ƙaranci ko iska ta yi yawa. Sau da yawa akan ji ɗan tari daga bakin kafireta. Idan kuwa ta ƙaru, ga baƙin hayaƙi a salansa, ga fulogi ya yi baƙi ƙirin, to mai ne ya yi yawa, sai a nufi fulot da allurarsa da matatar iska.

3.4 Satar iska. Iskar da ta shiga ta bayan kafireta ba ta tafe da mai. Wuraren da aka fi zargi su ne gasket na gindin kafireta, da na manifol, da tiyon sabo na birki a motar da ke da shi, da kuma sandar murfin totur wadda shekaru suka cinye mazauninta. In an girgiza sandar aka ji tana lilo, an sami ɓarawo. Agogon auna zuƙa yana taimakawa ƙwarai. Lafiyayyen inji a bakin teku kan nuna inci 17 zuwa 21 a silo, amma adadin yana raguwa da kimanin inci 1 a kowace mita 300 ta tudu. Da yake Kaduna tana kimanin mita 600 bisa teku, sai a rage inci 2 kafin a yanke wa inji hukunci.

3.5 Famfon totur. A kashe inji, a cire tukunyar matatar iska, a leƙa maƙogwaro, a murɗa totur da hannu. Ya kamata a ga fetur ya tsarto siriri da ƙarfi tun daga farkon motsi. In ɗigowa yake yi, ko ya makara, ko babu shi sam, to fatar famfo ta bushe, ko bututun ya toshe, ko 'yar ƙwallon da ke tsare mai ta maƙale. Kada a leƙa kafireta inji yana aiki, domin wuta na iya tasowa.

3.6 Ƙananan ƙofofi. Sai duk waɗannan sun wuce lafiya za a sauke kafireta a wanke, a hura jet na silo da ƙofofin nan da iskar kwamfuresa.

4.0 Yanayin Kaduna da kurakuran gyara

Abu biyu na ƙara tsananta matsalar a nan. Na farko ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wadda ke toshe matatar iska, har wasu direbobi su cire ta gaba ɗaya, ƙurar ta samu hanyar cin sandar totur da silinda. Na biyu ingancin mai. Fetur na galan yakan zo da ruwa da datti, kuma a watan Fabrairu na 2022 hukuma ta tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin ƙasar. Irin wannan sinadari yana lalata tsohuwar roba, fatar famfon totur kuwa roba ce.

Akwai gyare-gyare uku da suka zama ruwan dare, waɗanda ɓoye cutar kawai suke yi. Wasu kan ɗaga silo sama don inji ya tsallake mahaɗar, abin da ke cinye kuloci. Wasu kan sa waya su yashe jet, ramin tagulla ya faɗaɗa har abada. Wasu kuma kan sayi kafireta ta gwanjo wadda ba a san injin da aka yi ta dominsa ba. Dukkansu suna ƙara shan mai, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, wannan asara ce da ke fita kullum daga ribar mai dako. Ban da haka, motar da ta shaƙe da lodi a bakin shataletalen titin Ahmadu Bello hatsari ce ga direba da na bayansa.

5.0 Kammalawa

An nuna cewa shaƙewar tashi daga silo tana da mazauni sananne, watau ɗan lokacin da jet na silo ya saki aiki babban jet bai karɓa ba. Bin matakai daga wuta zuwa cok, zuwa satar iska, zuwa famfo, shi ke raba bincike da kame-kame. Yaran gareji na yanzu sun fi sabawa da motocin injekta da na'urar kwamfuta, tsofaffin da suka san kafireta kuma suna raguwa. Don haka shawarar wannan takarda ita ce, cibiyoyin koyar da sana'a, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, su haɗa kai da shugabannin garejoji a rubuta waɗannan matakai da Hausa, da kalmomin da makanikai ke amfani da su, don almajirin da bai yi boko mai zurfi ba ya iya karantawa ya yi aiki da su.