Famfon Baƙin Mai: Shekara Nawa Yake Yi?

Da yawa daga cikinmu mun iya duba taya da ruwan lagireto kafin tafiya, amma kaɗan ne suka san famfon baƙin mai. Shi kuwa a jikin inji kamar zuciya yake a jikin mutum.

Ga yadda yake aiki. Baƙin mai yana taruwa a kaskon da ke ƙarƙashin inji. Da an ta da mota, sai inji ya juya wasu ƙarafa biyu masu haƙora da ke cikin famfon. Su ne suke zuƙo mai ta wata 'yar rariya, su tura shi zuwa filta, daga nan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa karanshaf da sauran ƙarafan da ke gogar juna. Muddin mai yana tsakaninsu, ƙarfe ba zai ci ƙarfe ba.

To, shekara nawa famfon yake yi? Ba a yi shi don a riƙa canzawa kamar fulogi ko filta ba. An ƙera shi ne ya daɗe daidai da inji kansa, shi ya sa a motar da ake kula da ita yakan wuce kilomita 200,000 yana aiki. Galibi sai an sauke inji don babban gyara ake duba shi.

Abin da ke kashe shi da wuri shi ne datti. Ku lura, mai yana fara bi ta famfo kafin ya kai filta, saboda haka duk ƙurar hunturu da garin ƙarfen da suka tsallake rariya shi suke fara ci. Man da ya daɗe ba a juye ba kuma yakan yi kauri kamar kwalta ya toshe rariyar. Haka ma gam, in bakanike ya lafta shi da yawa wajen rufe kasko, yakan ɓantare ya toshe ta.

In jar fitila mai siffar buta ta kama ana cikin tafiya, a ratse gefen hanya a kashe mota nan take. Cikin 'yan mintoci inji yana iya bugawa. A duba geji tukuna. In mai ya cika, a kira bakanike ya auna ƙarfinsa da ma'auni kafin a sayi sabon famfo, domin sau da yawa laifin na rariya ne, ko na ɗan makunnin fitilar, ko kuwa ƙarafan karanshaf ne suka cinye.

Saboda haka, a yi juye kan lokaci, a canja filta tare, a kuma zuba irin man da littafin motar ya faɗa. Mai bin hanya mai ƙura kada ya wuce kilomita 5,000 da man gama-gari. Kuɗin galan ɗaya bai kai ko kusa da kuɗin inji ba. Rigakafi dai ya fi magani.